Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinonin Lafiya Na Jihohin Arewa: Majinyacin Da Muke Rubuta Wa "Ya Ƙi Shan Magani"

Masu girma Kwamishinonin Lafiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Shekara 12 ke nan ina aiki a ɗakin da ake ba masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV magani, a wani asibitin gwamnati da ba zan ambaci sunansa ba, domin abin da ke tafe da ni ba laifin asibiti ɗaya ba ne. A ɗakin namu akwai wata magana da muke rubutawa a katin majinyaci idan ya daina zuwa karɓar magani, ko ya zo amma gwaji ya nuna ƙwayar cutar ta sake yawa a jininsa. Mukan rubuta cewa ya ƙi shan magani. Da hannuna na rubuta wannan magana sau ba adadi. Yau na ɗauki alƙalami ne don in shaida muku cewa a kan mutane da yawa maganar ba gaskiya ba ce. Ba ƙi suka yi ba. Ƙwaƙwalwarsu ce ta samu rauni ta fuska biyu, ta ƙwayar cuta da ta ƙwayar maye, mu kuma tsarin da muke aiki a ƙarƙashinsa bai tanadar mana ko tambaya ɗaya da za mu gano hakan ba.

Bari in ba ku labarin wani yaro, da izinin mahaifiyarsa, bayan na sauya abin da zai sa a gane shi. Tela ne, gwanin ɗinkin maza. Tiramadol ya fara sha, kuma ba don ashararanci ba. Ɗinkin sallah ne ya yi masa yawa, wani abokin aiki ya miƙa masa guda ɗaya ya ce za ta hana shi barci da ciwon baya. Ta kuwa hana. Sallah ta wuce, ƙwaya ba ta wuce ba. Daga ɗaya ya koma biyu, daga biyu ya koma kati, daga nan wani ya nuna masa allurar da suke kira penta. Sirinji ɗaya, mutum uku ko huɗu, a bayan shago. Lokacin da aka kawo mana shi, gwaji ya nuna HIV da kuma ciwon hanta nau'in C. Mun ɗora shi a kan magani, ya yi kyau, ya murmure, har ya ɗinka wa ɗan wata abokiyar aikina kaftani. Bayan kamar shekara biyu sai ya fara saɓa ranar zuwa. Na yi masa faɗa, na yi masa nasiha, na tuna masa da Allah. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Sista, wallahi ba na sani nake yi ba. Sai in ɗauki kwalbar, in tsaya ina kallonta, ban san ko na sha ko ban sha ba." Ban yarda da shi ba. Na ɗauka irin dabarar 'yan ƙwaya ce.

Mahaifiyarsa ce ta buɗe mini ido. Ta zo ita kaɗai wata Laraba, ta zauna a kan benci har layi ya ƙare, sannan ta matso ta ce, "'Yar nan, yaron nan ba shi ba ne." Ta ce mutumin da a da yake kallon ka sau ɗaya ya yanka maka riga daidai, yanzu sai ya auna, ya rubuta, ya manta inda ya ajiye takardar. Ya lalata shaddar mutane har sau uku, ta sayar da akuyarta ta biya. Zura zare a allura ya zama masa aiki, hannun ya yi nauyi. In ana magana da shi sai ya daɗe kafin ya amsa, kamar wanda ake kira daga nesa. Ba ya dariya, ba ya kuka, ba ya son fita. Waɗannan duk alamu ne da ke cikin littattafan da muka karanta a makaranta, amma babu gurbinsu a katin da nake cikewa. Katin yana tambayar nauyin jiki, da tari, da yawan ƙwayoyin da suka rage a kwalba. Ba ya tambayar barci, ba ya tambayar mantuwa, ba ya tambayar ko mutum yana sha'awar ci gaba da rayuwa.

Ranku ya daɗe, da yawanku likitoci ne, kun fi ni sanin abin da zan faɗa, amma wasiƙar a buɗe take, iyaye da matan aure za su karanta, don haka ku yi mini haƙuri in yi bayani. Ƙwayar HIV ba a jini kaɗai take zama ba. Tun a makonnin farko na kamuwa take shiga ƙwaƙwalwa, tana ɓuya a cikin wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke iya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. In ta shiga, ba jijiyoyin tunani take kamawa kai tsaye ba. Masu gadin ƙwaƙwalwar take kamawa, su kuma su yi ta fitar da sinadaran kumburi, a hankali a hankali, shekara da shekaru, kamar garwashin da toka ta rufe. Wannan kumburin ne ke cin hanyoyin da saƙo ke bi. Abin da ya fi taɓawa shi ne saurin tunani, da natsuwa a kan abu ɗaya, da riƙe sabon abu a ka, da tsara aiki daki-daki, da ƙwarewar yatsu. Kafin zuwan magungunan rage kaifin cutar a tsakiyar shekarun 1990, mutane da yawa sukan kai ga gushewar hankali gaba ɗaya kafin su rasu. Alhamdu lillahi, magani ya rage wannan matuƙa. Amma ƙaramin raunin bai tafi ba. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda aka wallafa a 2010, ya samu alamar rauni a gwajin ƙwaƙwalwa ga kusan rabin mutanen da aka duba, duk da cewa akasarinsu mai sauƙi ne. Masana suna ta muhawara a kan ko adadin ya kai haka, amma babu mai musun cewa abin yana nan, kuma ya fi tsanani ga wanda ya daɗe bai fara magani ba, ko wanda garkuwarsa ta taɓa faɗuwa ƙasa sosai. Mu kuwa a nan, a makare mutanenmu suke zuwa.

To a kan wannan raunin ne ƙwayar maye take zuwa ta zauna. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari, dofamin, wanda ke sa mutum ya ji daɗin abu har ya so ya sake: abinci, ganin 'ya'ya, kammala aiki, ribar kasuwa. Tiramadol da kodin da penta da ɗanyen ganye da ƙanƙarar nan da ake kira ais, kowanne ta hanyarsa, suna sa wannan sinadari ya yi ambaliya. Ƙwaƙwalwa kuma ba ta son ambaliya, sai ta rage ƙofofin da ke karɓarsa. Daga nan abin da ke faranta wa mutum rai a da ya daina yi masa komai. Ba don daɗi yake sha ba kuma, sha yake don ya iya tashi daga shimfiɗa. In bai samu ba, ga ciwon gaɓoɓi, ga zawo, ga hamma da hawaye, ga wani irin ƙunci da ba ya faɗuwa. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, shi ne linzamin mutum, shi ke ce masa dakata, duba gobe. Wannan sashen ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25, yaranmu kuwa tun suna sakandare suke farawa. Kuma shi ne dai sashen da HIV ke raunanawa. Wato doki ya ƙara ƙarfi, linzami ya tsinke ta gefe biyu, sannan mu tsaya a kan mutum muna cewa ai da ya ga dama da ya daina. Ga tiramadol da nata sharrin na daban: tana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, musamman mai ƙarfin 225 da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya, alhali 50 da 100 kaɗai NAFDAC ta amince da su. Kowace faɗuwa, kowane buguwar kai da ƙasa, ƙarin rauni ne.

Ciwon hanta ma ba a hanta kaɗai yake tsayawa ba, kuma shi ne aka fi mantawa. Masu nau'in C sukan yi kukan gajiya marar dalili, da wani hazo a tunani, da baƙin ciki, tun kafin hantar ta lalace. In kuma ta lalace, ko ta dalilin B ko C ko barasa, sai ta kasa tace dattin jini, dattin ya hau ka. Za ka ga mutum yana barci da rana, ido biyu da dare, yana magana ba kan gado, in ya miƙe hannuwa sai su riƙa kaɗawa kamar fiffiken tsuntsu. Na ga iyalai da suka kwashe makonni ana hayaƙi ana ruƙiya, suna zaton iska ce ko sammu, alhali abu ne da maganin ruwa mai sa bayan gida, laktulos, yake sassautawa cikin kwanaki. Ban raina addu'a ba, ni ma da ita nake kwana nake tashi. Amma ya kamata malamin da ake kai wa irin wannan majinyaci ya san alamar da zai ce, ku wuce asibiti yanzu, addu'ar ta bi ku can.

Na san abin da wasu za su ce: ai Arewa ba ta da ƙanjamau sosai. Gaskiya ne cewa babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna Arewa maso Yamma ce mafi ƙarancin masu ɗauke da HIV, kashi 0.6 cikin 100, a lokacin da ƙasar baki ɗaya take da kashi 1.4, kimanin mutum miliyan 1.9. Amma ku ɗora wannan ƙaramin kason a kan yawan jama'armu ku gani. Sannan ku ajiye shi kusa da ɗaya binciken na shekarar, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi: mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki magungunan kashe zafi irin su tiramadol suka sha ba bisa ƙa'ida ba, kimanin 80,000 allura suke yi wa kansu, kuma ɗaya cikin kowane huɗu na masu ta'ammali da ƙwayar mace ce. A Jihar Kano, kashi 16 cikin 100 na manya ne suka yi ta'ammali da ƙwaya. Binciken HIV ɗin nan kuma ya samu ciwon hanta nau'in B a jikin kusan kashi 8 cikin 100 na manya. Waɗannan alƙaluma a rahoto daban-daban suke, a ofis daban-daban, amma a kan bencina a jikin mutum ɗaya suke haɗuwa. A watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC a kan kodin, Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. An yi murna. Sai dai an kashe maciji ba a sare kansa ba, domin hana sayarwa bai warkar da wanda ƙwaƙwalwarsa ta riga ta saba ba. Wasu sun koma ƙwayoyin roci da eksol, wasu sun koma allura, allura kuwa babbar ƙofa ce ta HIV da ciwon hanta.

Akwai wasu bayin Allah da nake so ku tuna da su musamman, masu ciwon sikila. Da yawansu a gadon asibiti ko a kemis suka fara sanin penta, lokacin da ƙashi ke sara, kuma da hannun ma'aikacin lafiya aka fara yi musu. Na ga wata matashiya da cinyoyinta suka zama tabo a kan tabo, fatar ta yi tauri kamar ƙirgi, babu sauran inda allura za ta shiga. An sha ƙara mata jini tun tana ƙarama. Ita ma ana ce mata 'yar ƙwaya.

Yanzu ku dubi hanyar da telan nan ya bi, domin ita ce ainihin ƙorafina. Maganin HIV a ɗakinmu yake, kyauta. Maganin ƙwaƙwalwa yana wani asibitin, a wani gari, da kuɗi. Maganar shaye-shaye kuwa an bar wa NDLEA da 'yan sanda da gidajen mari. Hanta tana wajen wani likitan daban, ita ma da kuɗi masu nauyi. Mutum ɗaya, kai ɗaya, ƙofa huɗu, kuma muna sa ran wanda ba ya iya tuna ko ya sha maganin safe shi zai riƙe ranakun asibiti huɗu, ya nemo kuɗin mota, ya maimaita sirrinsa ga baƙin fuska huɗu. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano suna iya ƙoƙarinsu, amma likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya baki ɗaya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, wasunsu ma suna ta ficewa ƙasashen waje. Matar da ke ƙauyen da ke da nisan awa huɗu daga asibiti mafi kusa ba za ta kai ɗanta can ba. Inda ƙafarta za ta iya kaiwa za ta kai shi.

Haka kuwa aka yi. Da abin ya ishi dangi, kawunansa suka yanke shawara aka kai shi gidan mari. Wata 7 ya yi. Ba wanda ya gaya wa masu gidan cewa yana shan maganin HIV, saboda tsoron tonon asiri, kuma ba wanda ya tambaya. A katinsa na rubuta cewa ya ɓace. Ranar da aka dawo mana da shi, a kan tabarma aka shigo da shi daga a-daidaita-sahu. Idon sawunsa biyu da zoben baƙin tabo inda ƙarfe ya ci. Yana riƙe da kai da hannu biyu, haske ma ba ya so. Ƙwayoyin garkuwarsa sun faɗo ƙasa da 100, sanƙarau irin na naman gwari da ke kama masu raunin garkuwa ya shiga masa ƙwaƙwalwa. Allah Ya yi da sauran kwana, ya tashi. Amma kunnensa ɗaya ya tafi, kuma tunanin bai koma ko inda yake kafin a kai shi ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kuna tune da abin da aka gani a Rigasa a watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida, wasu da sarƙa a ƙafa, da wanda aka gani a Daura bayan 'yan makonni. An rufe wasu gidajen, amma buƙatar da ta sa iyaye ke kai 'ya'yansu tana nan, kuma ba a buɗe musu wata ƙofar ba. Ban ga laifin uwar da ta rasa yadda za ta yi ba.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin jiha ba. Na farko, kuma shi ne na fi nacewa a kai: ku sa tambayoyin ƙwaƙwalwa a cikin katin da muke cikewa. Akwai gwaji mai sauƙi da aka tsara don ƙasashe irin namu, ba ya buƙatar na'ura ko wutar lantarki. Ka faɗa wa mutum kalma huɗu ya riƙe, ka sa shi ya buɗe ya rufe yatsu biyu da sauri, ka nuna masa jerin motsin hannu uku ya maimaita, sannan ka tambaye shi kalmomin nan. Minti 3 zuwa 5 ne. A ƙara da tambaya biyu a kan baƙin ciki da yankewar sha'awa, da tambaya a kan abin da yake sha, a yi ta cikin mutunci ba da sigar tuhuma ba. A fassara su da Hausa da Fulatanci da Kanuri da sauran harsunanmu, fassarar da jami'o'inmu suka gwada suka tabbatar, domin mutumin da bai yi boko ba zai iya faɗuwa gwajin da aka tsara don ɗan boko alhali lafiyarsa ƙalau. Ciwon damuwa ya ninka sau biyu ko fiye a tsakanin masu HIV in aka kwatanta da sauran jama'a, kuma yana daga cikin manyan dalilan barin magani. Da an ba ni waɗannan tambayoyin shekara 5 da suka wuce, da ban yi wa yaron nan faɗa ba, da na kira mahaifiyarsa tun ranar na ce ta karɓi riƙon kwalbar.

Tambaya kuma ba ta da amfani in babu inda za a tura mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani tsari tun 2008, mhGAP, na koya wa ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba yadda za su gane su kuma yi maganin ciwon damuwa, da farfaɗiya, da taɓin hankali, da shaye-shaye. An gwada shi a Najeriya, ya yi aiki. Ku horar da mu. Ku turo ma'aikacin jinyar ƙwaƙwalwa ɗaya ya zauna a ɗakinmu ko da rana ɗaya ce a mako, da magungunan damuwa a kabad ɗaya da na HIV, don majinyaci ya shiga ƙofa ɗaya ya fita da duka. Ta ɗaya gefen ma haka: duk wanda aka kwantar a asibitin ƙwaƙwalwa ko cibiyar gyaran hali saboda ƙwaya, a yi masa tayin gwajin HIV da na hanta, cikin sirri da yardarsa. Likitan ƙwaƙwalwa kuma ya san irin maganin da mutum ke sha. Mu da muka daɗe a aikin nan mun ga yadda tsohon maganin HIV ɗin nan, efabirenz, yake sa wasu mugayen mafarkai da jiri da ƙunci, har aka koma dolutegrabir daga wajen 2018, wanda shi ma yakan hana wasu barci. Wanda bai san wannan ba zai ɗora wa mutum maganin hauka a kan abin da canjin ƙwaya ɗaya zai gyara.

Sai maganar tsarewa. Duk inda za a ajiye mutum, ko ofishin 'yan sanda, ko gidan gyaran hali, ko cibiyar NDLEA, ko gidan malam, maganinsa ya bi shi. Ku zauna da kwamandojin NDLEA na jihohinku da Hisba da masu unguwanni a fitar da hanya, a sa ma'aikacin lafiya ya riƙa shiga waɗannan wurare yana ganawa da mutane su kaɗai. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Dokar hana tsangwamar masu HIV tana nan tun 2014. Amma doka a Abuja ba ta kwance mari a ƙauye sai jiha ta ɗauke ta ta sa mata kuɗi da ma'aikata.

Akwai abu ɗaya da na san zai yi wa wasu ɗaci, ni ma ya daɗe yana yi mini. Shi ne ba masu allura sirinji mai tsabta, da ba su magani irin su metadon a ƙarƙashin kulawar likita don ya maye gurbin abin da suke sha. Da farko na ɗauka wannan taimaka wa ɓarna ne. Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne ƙirga mutanen da na sani waɗanda suka daina ƙwaya daga baya, suka yi aure, suka koma sallah a jam'i, amma cutar da suka ɗauka a sirinjin aro tana tare da su har abada, wasu ma sun kai ta ga matansu. Shaye-shaye ana tuba a bar shi, HIV ba a barin ta. An gwada shirin ba da sirinji mai tsabta a Najeriya a 2020, kuma Gombe tana cikin jihohin farko, don haka ba sai kun je Turai neman misali ba. Ku tafi da malamanmu su gani da idonsu, su yi mana hukunci a kan abin da suka gani, domin kare rai da kare hankali duk suna cikin manufofin shari'a.

Ciwon hanta nau'in C yanzu ana warkewa daga gare shi sarai, da ƙwayoyin da ake sha na mako 12, kuma sama da kashi 95 cikin 100 suna rabuwa da shi. Masar ta yi wa miliyoyin mutanenta gwaji da magani har ta kusa kawar da shi. Telana har yau bai sha ba, saboda gwajin da maganin sun fi ƙarfin mahaifiyarsa mai sayar da ƙosai. In jihohi suka haɗa kai suka saya da yawa, farashin zai sauko. Nau'in B kuma yana da allurar rigakafi, a yi wa jarirai ita a ranar haihuwa, a yi wa matan masu ɗauke da shi. Jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, har da HIV da ciwon hanta, kuma niyya ce mai kyau. Sai dai duk wanda gwaji ya fasa masa aure, a daren nan yana buƙatar wanda zai zauna da shi. Na san waɗanda a irin wannan daren suka fara shan abin da zai sa su barci.

Kun ga abin da ya faru a farkon 2025 da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje. Shirin PEPFAR, wanda tun 2003 yake ɗauke da kaso mai yawa na maganin HIV a Afirka, ya girgiza, kuma waɗanda aka fara sallama a wurare da dama su ne masu ba da shawara da masu bin majinyata gida, wato mutanen da ke lura in wani ya fara canzawa. Su ne idanunmu. In jiha ba ta ɗauke su aiki ba, babu mai ɗauka.

A ƙarshe ina roƙon ku ba da umarni a sauya maganar nan da muke rubutawa. Kafin a rubuta cewa mutum ya ƙi shan magani, a tilasta mana mu amsa a rubuce: an duba tunaninsa? An tambaye shi halin da zuciyarsa ke ciki? An san abin da yake sha? Akwai wanda ke riƙe masa magani a gida?

Telan yana nan da rai. Mahaifiyarsa ta ɗaure kwalbar maganin a gefen sallayarta, in ta idar da sallar isha'i sai ta ba shi da hannunta, ta tsaya har ya haɗiye. Ƙwayar cutar ta kwanta a jininsa. Ya koma shago, amma aikin guga da sa maɓalli kaɗai ake ba shi. Wata 4 ke nan bai taɓa allura ba, sai dai ta ce da daddare tana jin sa yana zagaye tsakar gida, kuma sau biyu ya ce mata shi ya gaji da duniya. A zuwansu na ƙarshe ta riƙe mini hannu ta ce, "'Yar nan, na jinin kun ba shi. Na kan fa, wace ƙofa zan kai shi?" Na rubuta mata takardar turawa zuwa asibitin da ke da nisan awa uku, na san kuma ba ta da kuɗin motar. Za su dawo ranar Laraba ta biyu a wata mai kamawa.

Wassalam. Allah Ya taya ku riƙo.

Taku,
Ma'aikaciyar jinya a ɗakin masu karɓar maganin HIV